Tamowa Mai Tsanani: Abin Da Ya Sa Asibiti Ba Ya Gaggawar Ƙosar Da Yaro

Duk wanda ya ga yaron da tamowa ta cinye, abin da zai fara zo masa a rai shi ne a cika masa ciki da abinci mai maiƙo. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa likitoci ba su yin haka, domin kuwa gaggawar ciyarwa tana iya zama ajalin yaron da aka so a ceta.

Tamowa mai tsanani iri biyu ce. Akwai ta rama, wadda yaro kan bushe har fata ta manne wa ƙashi. Akwai kuma ta kumburi, watau kwashiyoko, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Kalmar ta harshen Ga ce, tana nufin ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono, abin da ya yi kusa da kwanika a wurin Hausawa. Ana gane tsananin cutar ga ɗan wata 6 zuwa 59 idan kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko kuwa ƙafafunsa biyu sun kumbura.

Jikin da ya daɗe cikin yunwa yakan rage aikinsa don ya tsira. Zuciya takan raunana, hanta da hanji su yi sanyi, gishiri ya taru a jiki, fotasiyam kuwa ya ƙaranta. Saboda haka abinci mai nauyi ko ƙarin ruwa barkatai sai su fi ƙarfin zuciya, ta gaza. Wannan ne ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ya kasa jinya mataki-mataki.

A kwanakin farko ba ƙiba ake nema ba, hana mutuwa ake yi. Akan lulluɓe yaro, ko uwa ta rungume shi a ƙirji, don kada jikinsa ya yi sanyi. Akan ba shi madara mara ƙarfi mai suna F-75 kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana, don kada sukarin jininsa ya faɗi. In ya kasa sha, a zura masa ta siririyar roba ta hanci. Akan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da babu zazzaɓi, domin jikin da ya raunana ba ya nuna alama. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuwa jinkirta shi ake yi, saboda yana iya rura cuta.

Sai kumburi ya fara saɓewa, yaro ya nemi abinci da kansa, sa'an nan a koma ga madarar F-100 ko tunkuzar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Da ita aka yi jinyar dubban yara a gidajensu a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, aka bar gadon asibiti ga masu wata cuta ko waɗanda suka ƙi cin abinci.

Ashe ke nan uwar da ta ga ana auna wa ɗanta madara da ƙaramin kofi ba rowa ake yi mata ba. Sannu ba ta hana zuwa.