Warangin Yawuri: Ruwa Ɗaya, Dangi Ɗaya

Masu awon busasshen kifi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun san ba a gonarmu ake kama shi ba. Mai yawa daga Yawuri yake tasowa, bakin tafkin Kainji da aka datse a 1968, ya biyo mota har Funtuwa, sannan ya watsu ƙauyuka. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin nan farare da masunta ke kira warangi, na miyar talaka, wanda ake aunawa da tiya. To, in ya yi tsada sai mu ce kuɗin mota ne, ko dillali ya yi wayo. Wani lokaci kuwa maganar tana can cikin ruwa.

Ga misali daga gabashin Afirka. Tafkin Tanganyika tsawonsa ya fi mil 400, ƙasa 4 ke ci daga gare shi: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Suna da ɗan kifi ɗan'uwan warangi, shi ne rufin asirin miliyoyin mutane. A 2019 masana suka fitar da sakamakon binciken da suka yi, sun ɗebo kifin daga arewa da tsakiya da kudu, sun duba ƙwayoyin gado, watau abin da ɗa ke ɗaukowa daga iyaye a cikin jiki. Sai suka tarar kusan babu bambanci. Ashe garke ɗaya ne, yana yawo yana auratayya daga wannan kai zuwa wancan. Ke nan wanda ya kwashe a Burundi ya taɓa tukunyar mutumin Zambiya, dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ba.

Ba kowane kifi ne haka ba. Shawa, kifin ƙanƙara da ake kawo mana cikin kwali (ƙanƙarar sanyi muke nufi, mutanen Ƙanƙara ku yi haƙuri), a ido iri ɗaya ne, amma dangi-dangi ne, wasu na ƙwai da bazara, wasu da kaka, kowa da wurinsa. In aka ƙarar da dangi guda, maƙwabcinsa ba ya saurin cike gurbin. Turawa sun ɗanɗana: a 1977 sai da aka rufe kamun shawa a Tekun Arewa, aka yi shekaru kafin a buɗe.

Mu dawo gida. Kainji rabinsa Kebbi, rabinsa Neja, kifi kuwa bai san iyaka ba. A ƙarshen shekarun 1990 jihohin biyu suka haramta dala, tarun nan mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa, don ba warangi kaɗai yake kwasowa ba, har 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa da ba su kai ko'ina ba. Warangin ma shi ne abincin giwan ruwa. Mu a ganinmu dokar nan ta fi amfanar ɗan kasuwa fiye da kowa, domin shi zai koma sari baɗi.

Saboda haka in buhu ya iso, ku zuba tiya guda a faifai ku baza. Warangi siriri ne, fari. In kun ga 'yan fale-fale masu ƙaya a baya sun yi yawa a ciki, 'ya'yan manyan kifi ne. Ku faɗa wa dillali kun gani, ku rage masa kuɗi.