Jiran Almasihu: abin da Kirista ke tunawa kafin Kirsimeti

Duk mai harkar dabbobi ya san da zarar Disamba ta kama, fatake daga kudu kan cika kara, kuɗin awaki da kaji ya ɗaga. Kowa ya san Kirsimeti ce ke tafe. Amma makonni huɗun da ke gabanta suna da nasu matsayi a wajen maƙwabtanmu Kirista, kuma su muka duba a shirin wannan mako.

Ana kiran lokacin Adbent, daga kalmar Latin mai nufin zuwa. Yana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, kuma a majami'u da yawa akan kunna kyandir huɗu, ɗaya kowace Lahadi. To me ake tunawa? Dogon jiran da Bani Isra'ila suka yi wa mai ceton da aka yi musu alkawari.

Labarin ya faro daga Dauda, wanda kiwon tumakin mahaifinsa yake yi a Baitalami kafin ya zama sarki. Littafi Mai Tsarki ya nuna an yi masa alkawari sarauta za ta dawwama a gidansa. Sai ga shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu, sojojin Babila, wato Iraƙi ta yau, suka ƙone Urushalima, suka rushe Haikali, suka kwashe jama'a. Ko da aka dawo gida, ƙasar na hannun Farisawa, daga nan Girkawa. An ɗan sarara, sai Romawa suka shigo a shekara ta 63 kafin haihuwarsa. Ga harajin gona, ga na kai, ga kuɗin fito a kan hanya. Ku da kuke tsallake shinge bayan shinge kafin ku isa kasuwa, ba sai na yi dogon bayani ba.

Cikin wannan hali mutane suka riƙe maganar annabawa. Mika ya ambaci Baitalami a matsayin garin da mai mulkin zai fito. Ishaya ya siffanta zamanin salama wanda kyarkeci da ɗan rago za su zauna wuri guda. Na san wani makiyayi zai ce sai ya gani da idonsa. Amma ni wanda ya fi ɗaukar hankalina Ezekiyel ne. Ya kamanta shugabannin zamaninsa da makiyayan da ke yanka masu ƙiba su ci, su bar mai karaya ba ɗori, ba su neman wadda ta ɓata. Sannan ya yi albishir da makiyayi ɗaya irin Dauda da zai kula da garken. Kalmar Almasihu kanta tana nufin wanda aka shafe da mai, yadda ake naɗa sarki a can.

Ba kowa ne yake jiran abu iri ɗaya ba fa. Wasu jarumi suke so ya kori Romawa da takobi. Wajen 1947 makiyaya Larabawa suka tsinci tsofaffin rubuce-rubuce cikin tuluna a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, har da cikakken littafin Ishaya da aka kwafa fiye da shekara 100 kafin Yesu. Wasu takardun wurin sun nuna akwai masu jiran shafaffu biyu, ɗaya sarki, ɗaya shugaban ibada.

Kirista sun gaskata alkawarin ya cika, sai dai ba ta hanyar da aka zata ba. Linjilar Luka ta ce jaririn a komin dabbobi aka kwantar da shi, kuma waɗanda mala'ika ya kai wa labari a daren makiyaya ne da ke tsaron garke a fili. Ta kuma ambaci tsofaffi biyu a Haikali, Saminu da Hannatu, da suka daɗe suna jira har suka ga yaron.

A nan fahimta ta rabu. Yahudawa ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihun ba, masu riƙo da addinin a cikinsu suna jira har yau. Musulmi suna kiran Annabi Isa ɗan Maryam Almasihu, suna girmama shi a matsayin manzo, amma ba su yarda da cewa ɗan Allah ne ba. Su kuwa Kirista, a makonnin nan suna tuna zuwansa na farko, suna kuma sa ran dawowarsa.

Masu fatauci ta wajen Sudan su lura: Kibɗawa sai 7 ga Janairu suke bikinsu, bayan azumin kwana 43 da ba a cin nama ko shan madara.