Ma'aunin Ɗalibin da Ke Koyon Koyar da Yara ta Hanyar Wasan Kwaikwayo

A kwalejojin ilimi da jami'o'in Nijeriya akwai ɗaliban da ake horarwa su riƙa amfani da wasan kwaikwayo wajen koyar da yara. Darasin na aiki ne da jiki da murya, amma sannu a hankali makinsa yana komawa kan takarda. Abin da ya rage na aiki kuma an fi auna shi da daɗin wasan da ɗalibai suka yi a dandali, ba a cika tambayar me yaro ya ƙaru da shi ba.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yara sun daɗe suna koyon zaman duniya a wasan 'yar tsana da tashen watan azumi, kuma tun zamanin Turawa Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsafta. A Ingila, gidan wasa na Belgrade da ke Coventry ya soma tura 'yan wasa cikin azuzuwa a 1965. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, tun bayan da ta fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, ta saba wa ɗalibanta da shiga unguwannin Samaru su saurari matsalolin jama'a, su gina wasa a kansu.

Dalili na farko na komawa takarda shi ne tsarin rabon maki. A yawancin darussan NCE, jarrabawar ƙarshen zango ke ɗauke da kashi 60 cikin 100, auna fahimta na yau da kullum ya ɗauki 40. Ɗalibi ya san lissafi: haddar ma'anar wasan kwaikwayo da rabe-rabensa ta fi yi masa riba a kan makonnin da zai shafe yana atisaye. Na biyu shi ne cunkoso. Malami ɗaya ba zai iya zama ya kalli kowane ɗalibi yana jan ragamar aji ba, sai ya raba su rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni maki guda. A nan wanda ya tsara darasin da wanda ya ɗauko benci kawai suke tashi da sakamako ɗaya.

Dalili na uku ya fi waɗannan nauyi, wato rashin yaran kansu a wurin gwaji. Kai ɗalibai makarantar firamare yana buƙatar mota da izinin shugaban makaranta da lokaci, shi ya sa ake yin gwajin a gaban 'yan uwansu ɗalibai, manya suna kwaikwayon 'yan aji uku. Babba ba ya rikicewa kamar yaro, ba ya kuka, ba ya karkatar da labari zuwa inda ba a zata ba. Iya tafiyar da irin wannan yanayi kuwa shi ne ainihin ƙwarewar da ake nema. Ko lokacin gwajin koyarwa, sau da yawa mai duba ɗalibin daga wani fanni yake, kuma idonsa ya fi zuwa kan tsarin darasi da rubutun allo da shirun aji.

Masu kare jarrabawar takarda suna da hujja. Takarda tana ajiyuwa, ana iya sake duba ta idan ɗalibi ya yi ƙorafi, alhali wasan da aka yi aka tashi ba ya barin shaida, kuma makinsa na iya bin son zuciya. Haka nan malamin da bai san matakan girman yaro ba zai iya mai da aji filin wasa kawai.

Duk da haka, illar ta bayyana a firamare, inda wasan kwaikwayo yake cikin darasin al'adu da fasaha tare da zane da kiɗa. Malamin da aka auna shi da hadda, hadda zai bayar: yara su kwafi ma'anar dandali daga allo ba tare da sun taɓa tashi daga benci ba. Wanda aka auna shi da daɗin wasa kuma zai ware yara 'yan kaɗan masu baki ya horar da su don ranar raba kyaututtuka, sauran su zama 'yan kallo. Mai jin kunya da mai i'ina, waɗanda hanyar ta fi yi wa amfani, su ne ake bari a baya. Iyayen da tun farko suke ɗaukar abin a matsayin shiririta sai su samu abin kafa hujja.

Gyaran bai fi ƙarfin kwalejoji ba. Da yawansu suna da firamaren gwaji a harabarsu, don haka kowane ɗalibi zai iya jagorantar zama ɗaya da yara na gaskiya. A ɗauki zaman da wayar hannu domin mai duba jarrabawa na waje ya samu abin gani. A sa ɗalibi ya riƙe littafin da yake rubuta abin da ya shirya da abin da ya faru da abin da zai sauya. A raba makin rukuni da na mutum ɗaya, sannan a tambayi yaran bayan kwana biyu me suka riƙe.

Ya rage wa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa da shugabannin sassa su ba wannan aiki kaso mafi girma na maki, domin abin da aka ɗora wa maki shi ɗalibi ke koya.