Digiri Na Biyu Kan Kula Da Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa: Wa Zai Riƙe Ragama?

Ran 14 ga watan Maris na shekarar 2024 wasu manyan wayoyin sadarwa da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin azahar harkokin bankuna da ofisoshi da dama a Nijeriya sun tsaya cik. Gyaran wayoyin aikin injiniyoyi ne, amma tambayar da aka yi ta yi a ofisoshi ita ce: wa ya kamata ya tanadi wata hanya tun kafin wannan rana? Amsarta kuwa tana wuyan shugaban sashen kwamfuta, watau mutumin da wannan fannin ilmi ke nufin horarwa.

Kamar yadda ma'aikata suka sani, aikin gwamnati yanzu ya rataya a kan waɗannan na'urori. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS, a 2015 kuma aka tattara kuɗaɗenta cikin asusu guda, TSA. In na'ura ta sami tangarɗa a ƙarshen wata, magidanci ne zai koma gida hannu rabbana.

To, galibi wanda akan ɗora bisa irin wannan sashe shi ne wanda ya fi kowa iya haɗa waya ko rubuta manhaja. Amma fa iya gyara daban, iya shugabanci daban. Ran da ya hau kujera zai tarar da kasafin kuɗi, da 'yan kwangila, da ma'aikatan da ke tsoron sabon tsari, da babban sakatare mai son bayani cikin magana biyu. Digirin farko bai koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wannan giɓi ne ya sa Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka ta buɗe karatun sarrafa bayanai don gudanar da mulki a 1968, daga nan ya bazu a duniya. Ɗalibi kan zurfafa a sanin rumbun bayanai, da hanyoyin sadarwa, da tsare su daga ɓarayi. Har ila yau yakan koyi yadda ake ƙiyasta kuɗin aiki da lokacinsa, da yadda ake rubuta sharuɗɗan kwangila, da abin da za a yi in wuta ta ɗauke ko bayanai suka salwanta. A nan ne zai ji darasin da Fred Brooks ya bayar a 1975, cewa ƙara ma'aikata a kan aikin manhajar da ya makara yakan ƙara masa jinkiri ne, domin sai tsofaffin sun bar aikinsu sun koya wa sababbin.

Rashin irin wannan shugabanci ba ya barin ko ƙasashe masu arziki. A 2002 Ingila ta ƙaddamar da shirin haɗa takardun marasa lafiya na asibitocinta cikin kwamfuta. A 2011 aka ba da sanarwar rusa shirin, kuɗin da aka ƙiyasta zai ci kuwa ya kusa fam miliyan dubu 10. Na'urori ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya faru shi ne an tsara abu daga sama, an ƙulla manyan kwangiloli cikin gaggawa, ba tare da an saurari likitocin da za su yi aiki da shi ba.

A nan gida ƙofa a buɗe take. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, duk suna da karatun gaba da digirin farko a fannonin kwamfuta da fasahar sadarwa. Bisa al'ada digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai babbar difloma, ko wanda ya fito daga wani fanni, yakan fara da diflomar share fage ta shekara guda. Sai dai mai nema ya lura: akwai digirin bincike, wanda ke kai mutum ga koyarwa da digiri na uku, akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda ya fi dacewa da ma'aikacin da zai koma ofishinsa. Ya nemi jerin darussa ya duba kafin ya biya kuɗi. In bai ga kula da ayyuka da dokar kare bayanai a ciki ba, to ya sake tunani, domin dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a su naɗa jami'in kare su.

Ga shugabannin ma'aikatu kuma, in an ba ma'aikaci hutun ƙaro ilmi ya dawo, kada a mai da shi mai gyaran injin buga takardu. A zaunar da shi inda ake yanke shawara tun kafin a sa hannu a kwangila, don kuwa rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace.