Baƙar Hula Da Gidan Da Ba Ya Korar Baƙo

Yau mun ɗauko muku labarin wani littafin yara ne daga can ƙasar Finlan, a arewacin Turai, inda sanyi kan daskarar da teku har mutum ya taka a kai. Wata mata ce mai suna Tove Jansson ta rubuta shi, aka buga a 1948, kana aka juya shi da Turanci a 1950 da sunan Finn Family Moomintroll. Ainihin sunansa a harshen da aka rubuta shi yana nufin Hular Mai Sihiri. Yau shekara saba'in da ɗoriya ke nan, amma har gobe iyaye a ƙasashe da dama suna karanta wa 'ya'yansu shi kafin barci. To, me ke cikinsa haka?

Labarin na wasu halittu ne da ake kira Mumin. Kada mai karatu ya ɗauka ko sunan yana da dangantaka da kalmar mumini da muka sani, kama ce kawai ta baki. Su dai farare ne, gajeru, masu ƙiba, ga doguwar fuska kamar ta dorina, ga wutsiya. Akwai Baba Mumin mai fama da rubuta tarihin rayuwarsa, da Inna Mumin wadda ba ta rabuwa da jakar hannunta, da ɗansu guda. Suna zaune a wani kwari mai ni'ima, kuma idan sanyi ya shigo sai kowa ya cika ciki ya kwanta, ba mai tashi sai bazara.

Ranar da suka farka, ɗan Mumin da abokansa biyu, Snufkin da Sniff, suka hau wani dutse, suka tsinci wata doguwar baƙar hula. Da suka kawo gida, Baba ya gwada, ta faɗo masa har ido. Ganin haka sai aka kifar da ita aka mai da ita kwandon shara, alhali ba wanda ya san hular wani mai sihiri ce, duk abin da ya daɗe a ciki sai ya rikiɗa. Aka jefa ɓawon ƙwai, ya zama 'yan gizagizai biyar masu taushi, yara suka hau suna yawo a sama suna karo da juna. Aka rufe bakinta da wani ƙamus na baƙin kalmomi, sai ga kalmomin sun fito suna rarrafe a bango. Ran nan kuma Inna ta jefa wani ganye ciki ta je ta kwanta, kafin ta farka gida duk ya zama kurmi, sai da aka yi ta sara kafin a sami ƙofa.

Ban dariyar littafin ba ta tsaya ga hula ba, ta fi yawa a halin mutanen gidan. Akwai wani dattijo, Hemulen, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen tara kan sarki. Ranar da ya tara duka, ba sauran ko ɗaya da ya rasa, sai ya shiga baƙin ciki, domin ba shi da sauran abin nema. Akwai kuma wani mai kama da gafiya da ke kiran kansa masanin falsafa. Shi aikinsa kwanciya da karanta littafi a kan rashin amfanin komai, amma in an gama abinci ba a barinsa baya. Wane ne a cikinmu bai san irin wannan baƙo ba? Yaro yana dariyar gizagizai, babba yana dariya don ya gane maƙwabcinsa, wani lokaci ma ya gane kansa. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya san wannan dabara, wato a sa abin mamaki a gaba, a ɓoye halin ɗan Adam a bayansa.

Amma wurin da ya fi kama zukatan masu karatu shi ne ranar wasan ɓuya. Ɗan Mumin ya rasa maɓoya, sai ya shige ƙarƙashin hular. Da ya fito ya rame, kunnuwa sun yi faɗi, idanu sun yi ƙato, wutsiya ta yi buzu-buzu. Shi bai san ya sake ba. Abokansa suka tambaye shi ko shi wane ne, ya ɗauka wasa ne, ya ce shi Sarkin Kalifoniya ne, har ya shiga zagin ɗan Mumin don raha. Su kuwa suka fusata saboda an taɓa abokinsu, suka rufe shi da duka. Sai a nan tsoro ya kama shi, ya yi ta rantsuwa shi ne, ba wanda ya yarda. Uwarsa ta fito, ta daɗe tana duban cikin idanunsa, sa'an nan ta ce lalle ɗanta ne. Faɗar haka ke da wuya sai kamanninsa suka dawo. Yaro ya fara sauraron wannan babi da dariya, ya ƙare da ajiyar zuciya, domin ba abin da yaro ke tsoro kamar a ce nasa sun kasa gane shi.

Abu na biyu shi ne ƙofar gidan. Yawancin mazauna gidan Mumin ba 'yan'uwansu ba ne, baƙi ne da aka tsinto a hanya. Duk wanda ya zo, abin da ake yi shi ne a ƙara gado, a ƙara wa teburin cin abinci tsawo. Wata rana wasu 'yan mitsi-mitsi biyu suka iso da ƙaton akwati, suna wata irin magana a karkace da mutanen gida suka kasa fahimta. Ba a kore su ba, aka ba su madara da makwanci. Ashe jan yakutu ne a akwatin, ga kuma wata dodanniya, Groke, tana bin sawunsu, wadda duk inda ta zauna ƙasa kan daskare. Maimakon faɗa sai aka kafa kotu a lambu, aka yi shari'a, daga ƙarshe aka ba ta hular ta tafi da ita. Da haka aka rabu da fitina biyu a lokaci guda.

Wannan son baƙo yana da tushe a rayuwar marubuciyar. An haife ta a birnin Helsinki a 1914, cikin 'yan Finlan masu magana da harshen Suwidin, waɗanda ba su wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Ta fara rubuta labarin Mumin ne lokacin yaƙin da ƙasarta ta yi da Tarayyar Sobiyat, wanda ya fara a 1939. A wannan yaƙi mutum fiye da 400,000 suka bar gidajensu a yankin Kareliya, a tsawon Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka tura yara wajen 70,000 Suwidin don a tsirar da su. Littafinta na farko, na 1945, labarin uwa da ɗa ne suna neman uban da ya ɓace. Na biyu, na 1946, tauraro mai wutsiya ne ke barazanar faɗowa duniya. Wannan na uku shi ne na bayan an sami lafiya, shi ya sa ya cika da wasa. Ashe wadda ta ga mutane ba matsuguni ita ce ta ƙago gidan da ba ya cika.

Daga nan suna ya tafi. A 1954 jaridar Evening News ta Landan ta fara buga zanen Mumin kullum, a 1966 aka ba ta lambar Hans Christian Andersen, wadda ita ce babbar lambar marubutan yara a duniya. Ta rubuta littattafan Mumin tara, na ƙarshe a 1970, shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Ita ma ta rasu a 2001. Yau akwai gidan tarihin Mumin a birnin Tampere.

Mu da muke zaune a Kudu, ko a Sabon Ibadan ne, ko Agege, ko Idi-Araba, wannan labari ba baƙo ne gare mu ba. Da yawanmu mun sauka ne a zauren wani mai gida da ya ƙara tabarma bai tambayi ranar tafiya ba. 'Ya'yanmu kuma suna tasowa da Yarbanci ko buroka a baki, har in an je gida da salla wasu kan yi musu kallon baƙi. To, a nan ya kamata mu yi koyi da Inna Mumin, mu dubi idon yaro mu gane namu ne.

A ƙarshen littafin Snufkin ya ɗauki jakarsa ya nufi kudu, kamar mai tafiya ci-rani, ya yi alkawarin dawowa da bazara. Da mai hular ya bayyana a wajen wani biki ya ce kowa ya roƙi abu guda, sai ɗan Mumin ya roƙa a ɗauki teburin abinci dungum a kai wa abokinsa duk inda yake. Allah ya sa mu ma akwai masu tuna mu haka a gida.