Faransa da Ƙarfin Nukiliya Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

A shekarar 1940 sojojin Jamus suka murƙushe Faransa cikin makonni shida kacal. Ko da aka ƴantar da ƙasar a 1944, ba gadoji da hanyoyin jirgin ƙasa kaɗai suka rushe ba, har da girman da Faransawa suke ganin suna da shi a idon duniya. Shugabanninsu suka ga cewa gyaran ƙasa da maido da mutunci aiki ɗaya ne, kuma a wannan zamani ba ya yiwuwa sai da kimiyya da masana'antu.

Tun a watan Oktoba na 1945 Janar Dagol ya kafa hukumar makamashin nukiliya, wadda ake kira CEA a taƙaice. Masanin da aka ɗora a kanta, Frédéric Joliot-Curie, ɗan kwaminisanci ne, alhali Dagol soja ne mai ra'ayin riƙau. Kishin ƙasa ne ya haɗa su. Amma a 1950 gwamnati ta tuɓe masanin, saboda ya fito fili ya ce ba zai sa hannu a ƙera bam ba.

Sai kuma mulkin mallaka ya fara sulluɓewa. An ci Faransa da yaƙi a Biyetnam a 1954, a shekarar kuma Aljeriya ta ɗauki makami. A 1956 Amurka ta tilasta mata, ita da Ingila, su janye daga mashigin Suwez. Wannan wulaƙanci ya yi wa ƴan siyasa zafi ƙwarai, suka fahimci cewa wanda ba shi da bam ba a sauraron maganarsa. Saboda haka, kafin ma Dagol ya dawo mulki a 1958, an riga an yanke shawarar yin gwaji.

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, aka tayar da bam na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Faransa ta zama ƙasa ta huɗu mai wannan makami, a daidai shekarar da yawancin ƙasashen da ta mallaka a Afirka suka sami ƴanci. Wato abin alfahari ya tashi daga faɗin ƙasashen da ake mulka ya koma kan gwanintar injiniyoyi. A Afirka kuwa ba murna aka yi ba. Gana ta riƙe kadarorin Faransa, Nijeriya kuma ta kori jakadanta a Janairun 1961.

Da man fetur ya yi tsada a 1973, firayim minista Pierre Messmer ya fito da shirin gina tashoshin lantarki na nukiliya masu yawa, har aka wayi gari wajen kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar daga nan yake fitowa. Wannan shi Faransawa suke kira dogaro da kai, ko da yake kalmar ta ɗan wuce gona da iri, domin wani babban kaso na ƙarfen yuraniyom daga waje ake kawo shi. Kamfanin Somaïr, wanda aka kafa a 1968, ya fara haƙo shi a Arlit, arewacin Nijar, a 1971, kuma ya shafe fiye da shekara hamsin a hannun Faransawa kafin gwamnatin Nijar ta mai da shi mallakar ƙasa a 2025.