Ƙarin ciki na GIST: tambayar da za ki yi wa likita bayan tiyata

Uwargida, a yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir har cikin rani, da wuya maigida ya bar gona saboda ciwon ciki. Sai a ce olsa ce, a sayi magani a kemis, a koma ban ruwa. Sau da yawa olsar ce. Amma akwai wani ƙari da ba kasafai ake samunsa ba, wanda likitoci ke kira GIST. Yana tsirowa a bangon tumbi ko na ƙaramin hanji, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, maza da mata.

Ki lura da baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, saurin ƙoshi, ko dunƙule da hannu ke ji a ciki. In kin ga haka, kada a tausa wurin. A je Babban Asibitin Kura, a nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don hoton CT da leƙa tumbi da kyamara.

Babban maganinsa tiyata ce, amma yadda ya fito shi ne abin dubawa. Kin san tumatir: in an tsinke shi lafiya, 'ya'yansa na ciki, in ya fashe a kwando, sai su watsu ko'ina. Haka ƙarin nan yake. Idan ya fashe, da kansa ko a lokacin aiki, ƙwayoyinsa kan bazu a cikin ciki, su sake tsirowa a can ko a hanta. Likitoci na auna haɗarin dawowarsa da girmansa, da saurin rabuwar ƙwayoyinsa, da inda ya fito. A 2008 wani likitan ƙasar Finland, Heikki Joensuu, ya ƙara fashewa a ma'aunin: duk ƙarin da ya fashe yana sahun masu babban haɗari, komai ƙanƙantarsa.

Don haka bayan tiyata ki tambayi likita kai tsaye: “An cire shi a dunƙule, ko ya fashe?” Ki karɓi sakamakon gwajin naman da aka cire, ki ɗauki hotonsa a wayarki, ki adana takardar.

Wanda ke cikin babban haɗari akan ɗora shi a kan ƙwayar imatinib, wadda aka fi sani da Glivec. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna shan ta shekara 3 ya fi na shekara 1 hana ciwon dawowa da tsawaita rai; ga wanda nasa ya fashe, likita na iya ƙara wa'adin. Tana da tsada, don haka ki tambayi asibiti game da tallafin gidauniyar Max. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tun kafin ta fara, domin maganin na iya cutar da jariri.

Jarrabawar tana zuwa ne idan ɗinki ya warke, ƙarfi ya dawo, ga shinkafa ta isa yanka. A nan ne ake ajiye magani, a manta da ranar komawa hoto. Ke ce kike ganin kwalin maganin kullum. Ki ƙirga ƙwayoyin, ki rubuta ranar asibiti, ki ware kuɗin mota tun daga cinikin kaka.